Zoben Ƙafar Kurciya

"Riƙe fukafukan da kyau, Iya, kada ta fizge. Abin nan ba zai kwantu ba, sai dai a datse ƙafar."

Muryar Baba Inuwa na jiyo ta bayan katangarmu, ina tsakiyar alwalar la'asar. Ko takalmi ban tsaya sawa ba, na zagaya gidan Iya Kulu.

Gidanta ne na ƙarshe a layinmu. Daga shi sai jingar da aka yi don tare ambaliya, daga jinga sai bagaruwoyi da fadama. A bayan gidan take shanya shinkafar da ta turara, don gumi ne sana'arta tun kafin a haife ni. Nan na tarar da su. Iya tana zaune a kan turmin da aka kifa, ƙafafunta a kumbure, ta danne tsuntsuwa a cinya da hannu biyu. Baba Inuwa, mai kama tsuntsaye yana kaiwa kasuwa, ya durƙusa a gabanta da filaya a hannu, ga wuƙa ya ajiye kusa da gwiwarsa.

"Me za ku yi wa tsuntsuwar nan?"

"Sallama dai tukuna, maigida," in ji Iya. Tun ina rarrafe take kirana maigidanta, ni kuma ina ce mata amarya. Rabon da in ga fuskarta da haske irin na ranar har na manta. "Zo ka gani da idonka, kai da ba ka yarda da abu sai ka gan shi a takarda. Ga layar nan. Allah ya kawo ta har kan tabarmata."

Kurciya ce, amma ba irin tamu ta gari ba. Baƙuwa ce, daga waɗanda ke zuwa fadama da sanyi su ci shinkafar da ta zube bayan girbi. Bayanta ja-ja da ɗigon baƙi kamar ɓawon kifi, a gefen wuyanta akwai zane baƙi da fari. A ƙafarta ta dama akwai wani ɗan farin zobe.

Kowa a unguwarmu ya san abin da Iya Kulu take nema a ƙafar kurciya. Ɗanta namiji ɗaya ne, Umara, masunci. Da ciyawar kacala ta cinye ruwan da yake su, sai ya bi abokansa zuwa Tafkin Chadi. Da farko yana kira. Da fitina ta tashi a can, waya ta daina shiga. Lokacin ina sakandare. Ba a daɗe ba wani mutum mai dogon carbi ya zo ya gaya mata cewa kurciya aka yi wa ɗanta. An rubuta sunansa a laya, an ɗaura a ƙafar tsuntsuwa an sake ta, duk inda ta nufa nan zuciyarsa za ta nufa, kuma ba zai waiwayi gida ba sai an kama ta an kwance. Awakin Iya suka bi mutumin nan ɗaya bayan ɗaya har garken ya ƙare. Unguwa kuwa ta karɓi zancen hannu bibbiyu, don ya fi sauƙi. Wanda aka yi wa kurciya ba a zuwa nemansa, ba a yi masa zaman makoki, ba a tambayar kowa komai. Sai dai a ce Allah ya karya, a wuce masallaci.

Wannan halin ne yake ƙona mini rai tun da na dawo daga jami'a na fara koyar da kimiyya. Ni da abokaina mun sha tara matasa a ƙofar makaranta muna magana a kan camfi da masu cin dukiyar tsofaffi da sunan taimako.

"Kawo in duba, amarya."

Ta miƙo mini ita ba tare da wani tunani ba, saboda ni ne mai iya karatu. Na ji zuciyar tsuntsuwar tana bugawa a tafin hannuna. Na juya zoben. Sunan wani garin Turai ne da jerin lambobi. Na ciro waya na ɗauki hoto.

"Iya, wannan ba laya ba ce. Masana tsuntsaye ne ke sa musu, don su san hanyar da suke bi. Daga ƙasar Turawa take. Sai ta haye teku, ta haye Sahara, sannan ta iso Haɗeja."

"Innalillahi! Teku?" Ta dafa ƙirji ta dubi Baba Inuwa. "Ka ji nisan da suka kai mini yaro."

"Babu wanda ya kai shi ko'ina!"

"Malam ɗan boko," in ji Baba Inuwa, "ba mu abinmu. Na sha sanyin asuba kafin in kama ta."

"In ba ka ka datse mata ƙafa? A kan ƙaryar wani ɗan damfara?" Muryata ta hau sama, na ji ta, ban kuma sauke ta ba. "Har yaushe za a yi ta ruɗin matar nan? Iya, ba kurciya ce ta tafi da Umara ba, babu ce ta kore shi. Kuma mutanen da suka je tafki a shekarun nan, nawa ne suka dawo? Kowa a layin nan ya san amsar, an rasa mai faɗa ne kawai!"

Na buɗe hannuna.

Ta tashi da ƙarfi, fukafukanta suna tafi, ta haye jinga ta shige cikin bagaruwoyi. Iya ta bi ta da ido har ta ɓace, ta kuma ci gaba da kallon wurin. Hannuwanta suna nan a cinya yadda suke, kamar har yanzu akwai abin da ta danne.

"Ka sakar mini ɗa, maigida," ta ce a hankali.

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga gida. Shinkafar da ke shanye ta kwana a waje, raɓa ta sauka a kanta.

Da ta zage ni da na ji sauƙi. Na shirya amsoshi da yawa, har da ayoyi, babu wanda ya nemi ko ɗaya. Mahaifiyata ma cewa kawai ta yi, "Abdulmannan, an gode," ta ci gaba da tankaɗe. Iya Kulu ta daina hura wuta a ƙarƙashin tukunyar gumi. Matan da ke kawo mata shinkafa shanshera ta turara musu suka riƙa komawa da buhunansu. Kumburin ƙafa ya hau har gwiwa, numfashi ya fara yi mata wuya in ta kwanta, sai an jingina ta da bango.

Na shiga gaishe ta da fura a kwano. Ɗakin yana warin man zafi. Ta juya fuska wajen taga.

"Amarya, ko fushi ake yi da maigida?"

"Ina ni ina fushi. Ajiye a nan."

Na ajiye. Na zauna a bakin ƙofa ina kallon farcen ƙafata. Can sai ta ce, "Su baƙin kurciyoyin nan, ban taɓa jin kukansu ba. Namu na gari tun asuba suke damun mutum. Su kuwa sai su ci su tashi, shiru."

"Sai a inda suke sheƙa suke kuka, Iya. In sun koma gida."

"Shi ya sa," ta ce. "Shi ma ba zai yi magana ba sai ya zo gida."

Furar tana nan yadda na ajiye ta har ƙudaje suka gane ta.

'Yarta Ummussalma, wadda ke aure a garin Malam Madori, ta iso da goyo a baya. Ta duba ƙafafun, ta yi waya da mijinta, suka yanke cewa da zarar ya sami mota za a kai Iya babban asibiti a kwantar da ita. A da ko sunan asibiti aka ambata sai Iya ta yi rantsuwa. Wannan karon cewa ta yi, "Ku kai ni duk inda kuka ga dama."

A soro Yaya Salma ta tare ni.

"Malam Abdul, an ce kai ne mai faɗin gaskiya a unguwar nan."

"Yaya, ƙafar tsuntsuwa za su datse a kan ƙarya. Kuma duk shekarun nan babu wanda ya hau mota ya je ya tambayi labarin Yaya Umara. Babu ko mutum ɗaya!"

"Mijina ya je har Baga a bakin tafkin, ya dawo da zazzaɓi da wayam. Ba mu yi shela ba ne." Ta gyara goyonta. "Kai fa? Ka je?"

Ban taɓa zuwa ba. Ta ci gaba.

"Ni ma na san Umara ba zai dawo ba. Ina tsammanin ita ma wani lokacin ta sani. Amma da abin nan take tashi da safe ta hura wuta. Ka karɓe, to me ka ba ta a madadinsa?"

Washegari bayan sallar asuba na je ƙofar Baba Inuwa. Ya fito yana ɗaura zariyar wando, ya dube ni sama da ƙasa.

"A'a, Malam ɗan boko. Wa'azi aka kawo mini har gida?"

"So nake mu sake kama ta."

Ya yi dariya har da tari. "Ka san yawan kurciyoyin da ke fadamar nan? Ka saki allura a cikin kogi, yanzu ka zo in tsamo maka."

"Ta san tabarmar Iya. Za ta dawo."

"Tabarmar da babu komai a kai?"

Ni na sayo shanshera na baza a bayan gidan. Baba Inuwa ya jera asutarsa, tarkon nan na gashin wutsiyar doki da ake binnewa cikin hatsi. Muka riƙa laɓewa a bayan jinga kowace safiya kafin in tafi makaranta, ni da farar rigata ta aiki da biro a aljihu. Masu tafiya gona a kan keke suna wucewa suna ɗaga hannu.

"Malam, an koma farauta? Allah ya ba da sa'a!"

Mun kama da yawa. Kowacce sai in duba ƙafa in sake ta, Baba Inuwa yana ƙunƙuni cewa ina watsa masa abincin iyali a sama. Sau ɗaya na ga wani abu ya yi walƙiya a ƙafar wata da ke can gefe, ta ƙi matsowa kusa da tabarma. Na miƙe ban sani ba, duk garken ya tashi.

"Allah ya shirye ka," in ji Baba Inuwa. "Da karatu ake kama tsuntsu da yanzu ka cika keji."

Sanyi ya yi ta ja da baya. Ruwan fadama ya janye ya bar taɓo yana tsagewa. Garken baƙin yana raguwa, har wata safiya muka zauna rana ta ɗaga sosai, babu abin da ya sauka sai kurciyoyin gari da 'yan gwarare. Baba Inuwa ya fara naɗe asutarsa.

"Sun tafi. Sai baɗi, in da rai." Ya dube ni ta gefen ido. "Iya kuwa ba ta da baɗi. Hoton zoben nan yana wayarka?"

"Yana nan."

"To akwai maƙerin fari a kasuwa, har zoben amare yake yi."

"Ƙarya kake so in yi mata?"

"Gaskiyarka ai ta sha, ka ga yadda ta karɓe ta."

Na yi masa jawabi mai tsawo a kan jingar nan. Na ce haka ake fara komai a garin nan, a rufe rami da tabarma a ce an gyara. Na ce ni ba zan zama irin mai dogon carbi ba. Ya saurare ni har na gama, ya saɓa jakarsa ya tafi. Da la'asar ina gaban maƙeri da wayata a hannu, ina nuna masa yadda lambobin suke.

Ranar da za a zo da mota muka shiga wajenta, ni da Baba Inuwa. Yaya Salma ta gama ɗaure kaya a zani, ta fita sayo ruwan leda na hanya. Iya tana jingine da bango, an sa mata mayafi, idonta a rufe.

"Iya Kulu, buɗe ido," in ji Baba Inuwa. "Mijinki ya biya bashin rigimarsa. Jiya da safe ta faɗa tarko. Shi ya buɗe abin da hannunsa, ko ƙwarzane ba ta yi ba."

Ta buɗe ido ta dube ni, ba shi ba.

"Gaskiya ne, maigida?"

Ta san ban taɓa yi mata ƙarya ba. Duk unguwa an san wannan, har gori ake yi mini da shi.

"Gaskiya ne, amarya."

Na sa mata zoben a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta shafa lambobin da babban yatsa. Sai ta fara hamdala, tana yi tana ƙarawa, hawaye suna bin ramukan kumatunta.

"Tashe ni. Inuwa, kama nan. Maigida, ɗauko fartanya a bayan ƙyaure."

A bakin ƙofar soro ta sa na haƙa ɗan rami, daidai inda mai shigowa zai taka. Ta ce wanda ya kwance shi ne zai binne. Na binne, na daddale ƙasar da tafin hannu. Ta ce a kawo mata furar jiya, ta shanye tas. Na ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, har na fara tunanin ko Baba Inuwa ya fi ni gaskiya.

Sai ga mota ta tsaya, Yaya Salma ta fito daga gaba.

"Iya, ya na gan ki a waje? To alhamdu lillahi, mu tafi tun rana ba ta yi zafi ba."

"Ku sallami mai mota. Ba inda za ni."

"Kamar yaya?"

"An kwance, an binne. Malamin nan mai dogon carbi ya ce daga ranar da aka binne ba a rufe ƙofar gida, ni kuma ba na kwana a wani wuri. In ya zo bai tarar da ni ba, juyawa zai yi, kuma shi ke nan har abada."

Na dubi Baba Inuwa. Ya sunkuyar da kai yana kakkaɓe rigarsa. Shi ma bai san da wannan sharaɗin ba.

Yaya Salma ta roƙe ta, ta yi kuka, mijinta ya durƙusa ya haɗa ta da Allah. Iya tana murmushi tana cewa su yi haƙuri, kwana nawa ne. Da mota ta juya babu kowa a kujerar baya, Yaya Salma ta ja ni gefen katanga.

"A ina kuka samo shi?"

Na gaya mata.

"To shiga ka faɗa mata. Ai kai ba ka jin tsoron faɗa."

Na shiga. Na tarar da Iya a ɗakin Umara da tsintsiya, tana shara a zaune tana jan jiki, tana haki. Ta ɗago ta ce, "Maigida, taimaka ka kakkaɓe mini yanar can, hannuna ba ya kaiwa." Na kakkaɓe yanar. Na fito.

Haka na yi ta shiga ina fitowa. Na kawo wani abokina ma'aikacin lafiya ya duba ta a gida. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce mini a waje ruwa ne ke taruwa a ƙirjinta, ba aikin gida ba ne, gado take buƙata da iskar numfashi. Na gaya wa Iya, ta ce in Umara ya zo shi zai kai ta da kansa. Kullum sai ta sa an dafa tuwon shinkafa da miyar kifi an rufe a ɗakinsa, da safe a ba yaran maƙwabta, a sake dafa wani. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a soro, inda take hango titi har kwanar masallaci. Duk babur da ya shigo layin sai ta ɗaga kai.

Unguwa kuwa ta ɗauke ni ta aza a ka. Dattawan da a da suke tsuke baki in na wuce, yanzu har miƙo hannu suke yi. "Malam Abdulmannan, Allah ya yi albarka. Yaro ya fara hankali." Wata mata ta aiko a tambaye ni ko zan duba mata ƙafar wata kurciya, ƙaninta ya daɗe a Kudu. Na kori ɗan aiken da tsawar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Ran wata Laraba na taso daga makaranta da niyyar ko me zai faru sai na faɗa. Zafi ya sauko sosai, titi babu kowa. Yaya Salma ta shiga gidanmu aron murhu. Iya tana soro, an tokare ta da matasai, numfashinta yana fita da ƙara kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen itace.

"Maigida ya dawo. Ina tsarabata?"

"Amarya ta tsufa, an daina yi mata tsaraba."

Ta yi dariya, dariyar ta zama tari. Da ya lafa ta nuna mini gefen tabarma na zauna.

"Ka san ban taɓa cin naman kurciya ba? Duk shekarun nan da nake jin haushinta, ban taɓa ba. Ita ce fa ta yi sheƙa a bakin kogo, ta rufa wa Manzon Allah asiri, maƙiya suka zo suka ga ƙwai suka juya."

"Sallallahu alaihi wa sallam," na ce. A da da na ƙara da cewa malamai sun yi magana a kan ingancin wannan ruwayar. Na haɗiye.

"Ita ma wannan ba laifinta ba ne. Ɗaura mata aka yi, ta yi ta yawo da kayan wani. Yanzu ta huta, ta je gida ta yi kukanta." Ta lumshe ido. "Duba mini titi, idona yau hazo-hazo yake. Kamar na ji babur."

Na leƙa. Mai sayar da ƙanƙara ne, ya wuce.

"Ba shi ba ne, Iya."

"To. Da saura."

Na kafa idona a kan ɗan wurin da na daddale a bakin ƙofa, don na san in na dubi fuskarta ba zan iya ba. Na fara. Na ce Iya, zoben nan ba na ƙafar kurciya ba ne. Na gaya mata safiyoyin da muka yi a bayan jinga, da ranar da bagaruwoyi suka wayi gari babu kowa. Na gaya mata zancen maƙeri, da yadda na tsaya a kansa yana buga lambobin. Na ce tsuntsuwar tana can da zobenta, kuma ko an cire babu abin da zai canza. Na ce ta yafe mini, ta bari a kira mota yau ɗin nan, ni zan kwana a soron nan kullum, in Umara ya zo ni zan riƙe shi in kawo mata shi har gadon asibiti. Na yi ta magana. Ban taɓa rasa abin faɗa ba a rayuwata, ranar ma ban rasa ba.

Sai da na tsaya na lura ƙarar zarton ta daina.

Kanta ya ɗan karkata wajen titi, idonta a buɗe kaɗan, hannunta ɗaya a kan tabarma tafin yana sama. Na kira ta amarya. Na kira ta Iya. Na kira sunanta, abin da ban taɓa yi ba.

Ban san a kan wace kalma ta tafi ba. Ko tun kafin in ambaci maƙeri, ko bayan ta ji komai.

Yaya Salma ta shigo da murhu a hannu, ta ajiye shi a hankali kamar kada ta tashi mai barci. Ta durƙusa ta shafe idon, ta gyara mayafin, ta yi salati. Sannan ta juyo.

"Kana kusa da ita. Ta yi kalmar shahada?"

"Ban ji ba."

"Ba ka laƙƙana mata ba?"

"Magana nake yi."

Ba ta tambaye ni wace magana ba.

Kafin magariba aka kai ta. Da aka fito da makara ta soro, masu ɗauka duk suka taka wurin nan na bakin ƙofa, ni ma na taka, don ina riƙe da gaba ta dama. A wajen zaman makoki liman ya ce baiwar Allah ta cika da farin ciki, ya nuna ni da hannu ya ce ga wanda Allah ya yi amfani da shi. Aka yi ta amin. Na so in miƙe in gaya musu abin da mu duka muka yi wa matar nan, daga mai dogon carbi har zuwa kaina, in tambaye su wa zai je tafki yanzu. Na dubi Baba Inuwa a can ƙarshen tabarma yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Na zauna inda nake, ana miƙo mini hannu ina karɓa.

Bayan an share makoki Yaya Salma ta kwashe abin da za ta kwashe. Na taya ta fito da tukunyar gumi da buhun shansherar da ya rage, wanda ya yage a gindi yana zuba a hanya. Ta leƙa ɗakin Umara ta fito da kwanon da aka rufe tun ranar Laraba, ta wanke shi, ta mayar ta kife a kan tabarmarsa. A ƙofar gida ta ciro kwaɗo daga jaka, ta ja ƙyauren har ya kusa haɗuwa. Ta tsaya da kwaɗon a hannu, mai mota yana danna ham.

Sai ta mayar da shi jaka, ta tura ƙyauren ya koma yadda yake.

"Ka riƙa leƙawa saboda awaki," ta ce, ta shiga mota.

Na zauna a dakalin gidanmu har ƙarar motar ta ɓace. Layin ya yi tsit. Can wata kurciyar gari ta sauko daga kan katanga, ta bi hatsin da ya zube ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙofar Iya Kulu. Ta tsaya a kan ƙasar da na daddale, ta karkata kai ta leƙa cikin soron, sannan ta shiga.